Bencin Matan Asibiti

"Ba za ta koma ba, Awaisu," in ji Gwaggo Hajo, ƙanwar surukina, tana tsaye a bakin zaurensu a Malumfashi. "Likita ta ce jinin da ta zubar a haihuwar nan, in ta sake ɗaukar ciki kafin shekara uku ana iya rasa ta. Ka je ka sa hannu a ba ta maganin tazara."

"Gwaggo, haihuwa ta Allah ce. Ni wane ne da zan tsayar?"

Matata Raudatu ta leƙo daga bayanta, jaririyarmu ta biyar a kafaɗa. Duk ta rame.

"Baban Firdausi... ni ma ina son 'ya'ya. So nake in ga aurensu."

Na hau babur na koma Tsiga.

Wata biyu ina ni kaɗai. Yara suna wajen mahaifiyata. Na girbe masara, na ɓare, babu mai kawo mini fura gona. In na shiga ɗakinta, ƙanshin turarenta kawai nake tararwa. Kullum tambayar ɗaya ce: in na sa hannu, na raina rabon Allah? In na ƙi, ta mutu, wa ya kashe ta?

Kunya ta hana ni tambayar Malam Labo, limaminmu, don na ɗauka na san amsarsa. Ranar Juma'a dai na daure na bi shi gida, na faɗa masa komai.

"Allah gafarta Malam, haramun ne?"

"Wa ya ce maka?"

"Babu kowa... haka muka taso muna ji."

Sai ya ce:

"Tsoron talauci daban, tsare rai daban. Matarka amana ce. Ka san Mairo tawa? Bayan tagwayenmu, ni da kaina na kai ta asibiti. Da ka tambaye ni tun da wuri."

Ranar Litinin na zauna kusa da Raudatu a dogon bencin asibiti, ni kaɗai namiji cikin mata kusan talatin. Wata ta ce, "Malam, kai ma awo ka zo?" Aka fashe da dariya.

Raudatu ba ta yi dariya ba. Ta miƙo mini jaririyar, idonta cike da ƙwalla.

"Riƙe ta, masoyina. Sunanmu aka kira."