Gero Mai Jan Gashi

Ranar da aka fito da kayan Ummu Salma daga ɗakin hayarsu na Kurna, har maƙwabta sai da suka yi mata hawaye. 'Yar ƙaramar akori-kura guda ce ta kwashe duk abin da suka mallaka, don gado da kujeru tuni an sayar, har keken ɗinkin da marigayiyar mahaifiyarta ta bar mata ya bi su. Tana zaune a kan naɗaɗɗiyar katifa, 'yarta Tahira a cinya, ga ƙaramin ciki yana ba ta wahala, sai kallon ƙofar gidan take yi tana haɗiye kuka. Allah sarki! Marainiya ce, ba uwa ba uba, a cikin birnin Kano aka haife ta, ba ta taɓa kwana a ƙauye ba.

Mijinta Kamaruddeen ya kasa haɗa ido da ita. Adaidaita sahu yake ja, mai shi ya karɓe abinsa, mai gidan haya kuma ya ƙara kuɗi, abinci ya yi tsadar da ba a cewa komai. Shi ne ya yanke shawarar su koma Zakirai, gidansu na gado, inda babu haya, ga hatsi a rumbu. Da mota ta fara barin gari, gonaki suka bayyana dama da hagu, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Salma, ki yafe mini. Na ɗauko ki daga inda kika sani, zan kai ki inda ba ki da kowa..."

"Haba Baban Tahira, ka daina faɗin haka," in ji ta, tana goge ido da gefen hijabi. "Ai ina da kai. Inda ka zauna nan zan zauna."

To, a Zakirai akwai yayansa Yuguda, wanda tun rasuwar mahaifinsu Malam Tasi'u shi kaɗai ke noma gonakin gidan, shi ke buɗe rumbu, shi ke rufewa. Dawowar ƙanen nan ba ta yi masa daɗi ba ko kaɗan, don ya san wata rana za a ce a raba gona. Yana tsaye a ƙofar zaure ana sauke kaya, ya yi dariya ya ce, "A'a, 'yan birni an sha wuya an tuno gida! Ina fata dai ba da cokali za a yi mana noma ba." Mahaifiyarsu kuwa, Inna Asama'u, ta karɓe su hannu biyu, ta rungume jikarta, ta ba su ɗakin da ke kusa da nata.

Wahala kam Ummu Salma ta sha ta. Wadda ta saba da famfo da injin niƙa, yau ga ta da guga a bakin rijiya, ga ta da taɓarya. Tafin hannunta ya yi bororo ya fashe, hayaƙin kara ya sa idanunta kullum jajur, amma ba ta taɓa kai ƙorafi ba. In mijinta ya ga hannun ya kawar da kai, sai ta ɓoye shi a bayanta ta ce, "Ai har na fara iyawa, yau Inna ma ta yaba tuwona." Wannan magana ta fi yi masa ciwo a kan ta zage shi.

A cikin ɗakin girkin gidan, can sama inda hayaƙi ke bugu don kada ƙwari su ci, akwai wasu ƙullin zangarniyar gero a rataye. Iri ne. Malam Tasi'u ya yi rayuwarsa yana zaɓen wannan gero, mai doguwar zangarniya da jan gashi, gashin da ke tsone wa tsuntsu ido ya hana shi sauka. Duk yankin babu mai irinsa. Kafin ya rasu ya bar wasiyya cewa ba a sayar da shi, ba a kuma sauke shi sai ruwan shuka ya sauka. Tun ranar farko Inna ta nuna wa surukarta, ta ce, "'Yar nan, kin ga wancan? Ko yunwa za ta kashe mu ba a taɓa shi." Ummu Salma ta ce, "Na ji, Inna."

Ana dab da faɗuwar damina aka yi rasuwa a wata unguwa, duk matan gidan suka tafi gaisuwa, aka bar Ummu Salma ita kaɗai saboda jikinta. Ta surfa geron da aka auno mata da safe, ta dama kunu, jiri ya ɗebe ta, ta shiga ɗaki ta kwanta. Ihun Inna ne ya tashe ta. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Irin Malam! Ina irin Malam?" Ta fito a guje, ta tarar da igiyoyi kawai suna lilo, gidan ya cika da mutane, Yuguda kuma yana tsugune a gindin turminta yana ɗebo ƙaiƙayi a tafin hannu, jan gashi a cikinsa ƙuru-ƙuru.

"Ku zo ku gani, jama'a!" in ji shi. "'Yar birni ta sussuke mana iri ta dama kunu! Dama na faɗa, wanda bai san zafin noma ba ina zai san darajar iri?"

"Wallahi Yaya ban taɓa ba! Wallahi tallahi ban taɓa ba!" Ta zube a gaban Inna tana kuka. "Inna, ke kika nuna mini, na kuma ce na ji... Abin da aka auno mini shi na daka!" Amma wa zai yarda? Kowa ya ga kuskure ne irin wanda baƙuwar birni kaɗai za ta yi. Ta ɗaga jajayen idanunta tana neman mijinta a cikin taron. Yana nan tsaye jikin katanga. Ya san matarsa ba ta ƙarya, zuciyarsa ta gaya masa haka, amma ya dubi yayansa mai riƙe da rumbun da suke ci, ya dubi mahaifiyarsa tana rusa kuka, ya tuna ba shi da ko kuɗin motar komawa Kano... sai ya yi shiru. Da bakinsa ya buɗe ma, abin da ya fito shi ne, "Salma, ki ba su haƙuri kawai."

Kai! Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ta shige.

Daga ranar Inna ta daina cin abincinta. In ta gaishe ta, sai ta juya fuska bango. A bakin rijiya mata suka sa mata suna Mai-cin-iri, in ta taho sai wata ta ce, "Ku ɓoye gyaɗar shukarku, ga ta nan!" a kwashe da dariya. Har Tahira yara suka daina wasa da ita. Ummu Salma ta rame, cikin ya fito, wuya ya zama kamar zare. Kullum bayan sallah sai ta daɗe a kan darduma tana hawaye, tana cewa, "Ya Allah, Kai ne Ka gani. Ba ni da uwa, ba ni da uba, ba ni da mai tsaya mini sai Kai. Ya Allah Ka wanke ni ko bayan raina ne..."

Da ruwa ya sauka aka shuka irin kasuwa. Yuguda ya samu ƙanensa a gona ya ce, "Ka ga yadda Inna ke lalacewa? Ganin matar nan ne. Ko ka kwashe iyalinka ku koma inda kuka fito, ko ka raba ta da gidan nan." Nufinsa duk su tafi. Amma Kamaruddeen ba shi da wurin zuwa, sai ya zaɓi abin da har ya mutu ba zai daina jin kunyarsa ba: ya ɗauki matarsa da tsohon ciki da 'yarsa, ya kai su Ungogo wurin wata gwaggonta, Gwaggo Fanta, tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, wai sai ƙura ta lafa. Da zai tafi, Ummu Salma ta riƙe bakin ƙofa ta ce, "Baban Tahira, tambaya ɗaya. Kai ma ka yarda na ci?" Sai ya juya da sauri don kada ta ga hawayensa. Tun daga nan abinci ya daina yi masa daɗi, in ya shiga ɗakinsu ya ga 'yan takalman Tahira da aka manta, sai ya zauna a ƙasa ya yi ta kuka kamar yaro.

Gero ya fitar da kai, tsuntsaye suka sauko kamar hadari. Geron kasuwa ba shi da gashi, suka cinye shi tas, sai kara. Gidan Malam Tasi'u da ba a taɓa sanin sa da yunwa ba, bana rumbu ya tashi wayam, laifin kuma duk aka ƙara jibga shi a kan baiwar Allah da ke can Ungogo. Dole Kamaruddeen ya shiga ƙodago, yana bin gonakin mutane yana yankan gero a biya shi.

Wata safiya aka kwashe su a mota zuwa gonar wani Alhaji Basiru, can nesa bayan ƙauyukan gabas. Yana sauka ya tsaya cak. Gona ce shimfiɗe, zangarniya dogo-dogo, jan gashi yana ƙyalli a rana, ko tsuntsu ɗaya babu! Wuƙar hannunsa ta faɗi. Ya kama zangarniya ɗaya yana shafawa, ya ce, "Alhaji... don girman Allah, ina ka samo wannan iri?"

Alhaji Basiru ya yi murmushin jin daɗi, don bai san shi ba. "Kai ma ya burge ka ko? Irin marigayi Malam Tasi'u ne na Zakirai. Na yi ta roƙonsa yana raye ya hana ni. Bana babban ɗansa ya kawo mini har gida a buhu, ya ce tsohuwarsu ce ta aiko a sayar, wai kada in gaya wa kowa don tana jin kunya."

Kamaruddeen ya durƙushe a tsakanin kunyoyin gona ya ɗora hannu a ka. "Wayyo Allah, Salma! Na zalunce ki! Na zalunci marainiya!"

Da Alhaji ya ji labarin, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya sa aka ɗaure dami guda, ya ɗauki Kamaruddeen a motarsa, suka biya ta gidan mai unguwa, sai ƙofar gidan Malam Tasi'u. Aka kira Yuguda, aka kira Inna, jama'a suka taru. Alhaji ya maimaita maganarsa tiryan-tiryan. Yuguda ya fara rantse-rantse, gumi na karyo masa, sai matar Yuguda ta fashe da kuka daga bayan ƙofa ta ce ranar ita ta riga sauran mata dawowa daga gaisuwa, ta ga lokacin da ya murje zangarniya ɗaya ya zuba a gindin turmi, tsoronsa ne ya hana ta magana.

Inna ta daɗe tana kallon damin nan. Ita mace ce mai kunyar ɗan fari, tunda ta haife shi ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "wancan". Ranar ta miƙe, ta nuna shi da yatsa a gaban kowa, ta ce, "Yuguda!" Har wasu tsofaffi suka sunkuyar da kai. "Yuguda, ka sayar da wasiyyar ubanka, ka sa na tsani 'yar mutane, ka sa na kori jikata da bakina a rufe. Ka je, kai da Allah!" A nan take mai unguwa da liman suka sa ranar rabon gado, aka karɓi mabuɗin rumbu daga hannunsa. Kasonsa ya samu daidai yadda shari'a ta ce, amma a garin babu mai amsa masa sallama da sakin fuska, yara na binsa da waƙar ɓarawon iri. Kafin kaka ta ƙare ya jinginar da gonarsa ya bar gari.

Washegarin ranar da asiri ya tonu, Inna da kanta, da ciwon ƙafarta, ta hau mota zuwa Ungogo tare da ɗanta. Suka tarar Ummu Salma ta sauka, namiji, tana kwance a tabarma fuska fayau. Gwaggo Fanta ta tare ƙofa ta ce, "Me kuka zo yi? Wani irin ne ya sake ɓata?" Inna ta wuce ta durƙusa a gaban surukarta tana kuka. "'Yar nan, ki yafe mini don Allah, kada in mutu da hakkinki."

"Subhanallahi! Inna, tashi, don Allah tashi!" Ummu Salma ta yunƙura ta riƙe ta, suka rungume juna suna kuka. "Ke uwa ce, abin da aka nuna miki shi kika gani. Na yafe duniya da lahira."

Kamaruddeen yana rakuɓe a bakin ƙofa, ya kasa shigowa. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta ce a hankali, "Ƙaryar Yaya ba ta yi mini ciwo kamar shirunka ba, Baban Tahira. Su ba su san ni ba. Kai ka san ni."

"Na sani," in ji shi, hawaye na zuba har gemu. "Tsoro ne ya kama ni, na zaɓi tuwo na bar ki. Ba ni da abin cewa."

Suka dawo da ita gida, a Zakirai aka yi suna. Bayan an raɗa wa yaro Muhammadu Sani, liman ya ɗaga murya yadda matan cikin gida za su ji, ya ce duk wanda ya taɓa jifan wannan baiwar Allah da mugun suna ya je ya nemi gafararta tun yana da rai. Haka suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kai a ƙasa, ita kuwa kowa ta ce masa, "Babu komai, Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Da mutane suka ragu a ɗaki, ta hango mijinta har yanzu yana tsaye a waje cikin rana, yana jin kunyar taka ƙofarta. Ta gyara wa jaririn zani, ta miƙo shi.

"Shigo ka karɓi ɗanka mana," in ji ta. "Hannuna ya gaji."