Ba Shatin Bulala Ba Ne

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da kowa a gida ke kira 'Yar Baba. Mahaifinta kafinta ne, shagonsa yana bakin layinsu. Kullum in an tashi makaranta, can take fara tsayawa. Ta tsince masa ƙusoshin da suka zube, shi kuma ya tambaye ta abin da aka koya musu.

Mamanta tana da ciki, har ya tsufa. Tafiya ma sai a hankali.

Wata rana da yamma 'Yar Baba tana wanke kwanuka, sai ta ji muryar Baba daga ɗaki. Shi kuwa bai saba ɗaga murya ba.

"Sau nawa zan gaya miki? Ba kya jin magana."

Ba ta ji amsar Mama ba. Baba ya fito fuska a ɗaure, ya wuce shago.

Washegari da ta dawo daga makaranta, sai ta faɗa ɗakin Mama babu sallama. Mama tana zaune a bakin gado, ta ɗage riga tana shafa mai. 'Yar Baba ta tsaya cak. Cikin Mama duk layi-layi ne, dogaye, wasu jajaye, wasu sun yi duhu. Sun zagayo har kwiɓinta.

Mama ta yi sauri ta sauke riga. "Yau kuma sallamar a makaranta kika baro ta?"

"Yi haƙuri, Mama."

Ta fita jiki a sanyaye. Ta taɓa ganin irin wannan zane a ƙafar wani ɗan ajinsu da yayansa ya zane da bulala. Ta tuna faɗan jiya. Ta tuna baƙin da ya fito wa Mama a kumatu. Ta tuna yadda Mama ke yawan riƙe kwiɓi tana cije leɓe. Sai ta haɗa wannan da wancan, ta yanke hukunci ita kaɗai.

Ba ta tambayi Mama ba. Ba ta tambayi Baba ba.

A makaranta tana da ƙawa da ake kira Rediyo, domin bakinta ba ya hutawa. Da aka fita hutun tara, Rediyo ta gan ta zaune ita kaɗai.

"Wa ya taɓa ki?"

"Ba kowa."

"Ƙarya kike. Ko abincinki ba ki buɗe ba."

'Yar Baba ta duba hagu da dama. "Ki yi alkawari ba za ki gaya wa kowa ba."

"Na yi."

"Babanmu yana dukan Mama. Na ga shatin bulala a cikinta da idona."

Rediyo ta riƙe baki. Alkawarin bai kai yamma ba. Ta gaya wa mahaifiyarta, mai shagon kayan masarufi. Ita kuma ta gaya wa masu zuwa sayayya.

'Yar Baba ta daina tsayawa a shago. In ta zo wucewa, sai ta tsallaka ɗaya gefen titi.

"'Yar Baba, yau babu gaisuwa?" Baba ya kira ta.

Ta yi kamar ba ta ji ba.

Ba a jima ba layin ya canja wa Baba. Mutanen da ke zama a bencinsa suna hira suka ɗauke ƙafa. Wata mata da ta ba shi aikin kujeru ta aiko cewa ta fasa. Baba ya rasa laifin da ya yi.

Ranar Asabar da hantsi suna tsakar gida, sai ga Kawu, yayan Mama. Ko zama bai yi ba. Ya dubi Mama ya ce, "Ɗauko mayafinki, mu tafi gida."

Baba ya miƙe. "Lafiya, Yaya?"

"Kai za ka tambaye ni lafiya? Mace da tsohon ciki kake duka?"

Baba ya koma ya zauna a hankali. 'Yar Baba ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Mama ta ce, "Yaya, wa ya faɗa maka wannan magana? Tun da nake gidan nan, ko yatsa bai taɓa nuna mini ba."

"Duk layin nan an sani. Mai shago ta ce daga bakin 'yarki aka ji."

Duka suka juyo. 'Yar Baba ta fashe da kuka.

"Na ga shatin a cikinki, Mama. Kuma na ji Baba yana yi miki faɗa."

Can Mama ta ja dogon numfashi.

"Faɗan da kika ji, a kan bokitin ruwa ne. Ya hana ni ɗaukar abu mai nauyi, na ɗauka." Ta miƙa hannu. "Zo nan."

Ta kai ta ɗaki, ta ɗage riga, ta kama hannunta ta ɗora a kan layukan.

"Taɓa ki ji. Akwai ciwo? Akwai kumburi?"

"Babu."

"Wannan sunansa nankarwa. Kin ga waɗannan farare na ƙasa, da suka dushe? Naki ne. Lokacin da nake ɗauke da ke suka fito."

'Yar Baba ta dubi fararen layukan. Kunya ta rufe ta.

Kawu ya ba Baba haƙuri, ya tafi kansa a ƙasa. Baba bai daki 'Yar Baba ba, bai kuma zage ta ba. Ya ɗauki zartonsa kawai ya fita. Wannan shirun ya fi mata duka zafi.

Da ranar awon ciki ta zo, Mama ta tafi da 'Yar Baba asibiti. Ma'aikaciyar awon wata dattijuwa ce mai tabarau. Mama ta ba ta labari a taƙaice. Ma'aikaciyar ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera ta ce wa 'Yar Baba ta zauna.

"'Yata, jariri yana girma, ciki yana buɗewa. Fata tana miƙewa da sauri, shi ne take yin wannan zane. Mata da yawa suna samun sa. Bayan haihuwa yana dushewa, amma ba ya ɓacewa duka."

"Baƙin fuskar fa?"

"Shi ma cikin ne. Jikin mai ciki yana canjawa. Wata wuyanta ya yi duhu, wata kumatunta, wata kuma ƙuraje su fito mata. Rana tana ƙara wannan baƙin. Yawanci yana raguwa bayan an sauka."

"Me ya sa take riƙe kwiɓi?"

Mama ta yi murmushi. "Ƙaiƙayi ne. An hana ni susa da farce, shi ne nake dannewa."

Ma'aikaciyar ta ce, "Ke ma za ki iya taimaka mata. Sabulu marar ƙarfi za ta riƙa wanka da shi, da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Ta shafa mai marar ƙamshi don ƙaiƙayin ya lafa. Ta sa sakakkun kaya, ta sha ruwa sosai. In za ta shiga rana, ta riƙe lema. Kada kowa ya ba ta man ƙara hasken fata, domin yana iya cutar da ita da jaririn. In kuma tafin hannunta ko na ƙafarta ya dame ta da ƙaiƙayi, kada a jira, a zo nan."

'Yar Baba ta gyaɗa kai.

"Saura abu ɗaya. Jin tsoro don mahaifiyarki ba laifi ba ne. In kin ga abin da ya tsorata ki, kada ki yi shiru. Amma babba za ki samu. Mamanki, ko malamarku, ko ni. Filin wasa ba wurin kai damuwa ba ne."

A hanyar dawowa Mama ta tsaya a ƙofar mai shago. Akwai mata a wurin, Rediyo ma tana nan. 'Yar Baba ta matsa gaba.

"Maganar da na faɗa a kan Babana ba gaskiya ba ce. Nankarwa na gani, ban san ta ba. Babana bai taɓa dukan Mama ba."

Mai shago ta sunkuyar da kai. "Mu manya mun fi ki laifi. Wace ce a cikinmu ba ta da nankarwa? Amma ba wadda ta je ta tambaya."

Daga nan 'Yar Baba ta wuce shagon Baba. Yana yanka katako. Ta durƙusa.

"Baba, ka yafe mini."

Ya ajiye zarto, ya daɗe yana kallon ta.

"Maganar mutane ba ta dame ni ba kamar yadda kika yarda zan iya dukan mamanki," ya ce. "Magana zarar bunu ce, 'yata. In ta fita, ba ta komawa. Tashi, na yafe miki."

Ya share mata hawaye da bayan hannunsa, domin tafin duk garin katako ne.

A hankali masu hira suka dawo benci. Matar nan ma ta dawo da aikin kujerunta. 'Yar Baba ta zama mai riƙe wa Mama lema, kuma ita ke shafa mata mai a baya, inda hannu ba ya kaiwa. Bayan 'yan makonni Mama ta sauka lafiya, aka sami namiji.

Yara, ido yana gani, amma ba kullum yake ganewa ba. In kun ga abin da ba ku sani ba, ku tambayi manya kafin ku kai shi waje. Tambaya ɗaya tana iya tsare mutuncin gida guda.