Rabin Wainar Tasalla

A wani zamani, wata yarinya mai suna Tasalla ta bi iyayenta wata ƙasa mai nisa. A garinsu ba a cin abinci ba tayi, don haka kullum a makaranta takan ce, "Ku zo mu ci."

Da annoba ta ɓulla a wani gefen Afirka da ba ta taɓa takawa ba, sai yara suka riƙa toshe hanci: "Mai cuta, matsa can!" Malama tana ji, ba ta hana su ba.

Rannan yarinyar da ta fi kowa tsokanarta ta manta abincinta a gida.

"Zo mu ci," in ji Tasalla.

"Gara yunwa!"

Tasalla ta raba wainarta biyu, ta ci rabi ita kaɗai, ta bar mata rabi a kan benci.