Elvio Ya Hau Dutse da Teku a Jininsa

Da faɗa suka fara. Elvio yana wanke tukwanen iskar nutso a bakin teku a Caniço, a tsibirin Madeira, sai ga wata budurwa da takalmin hawan dutse duk taɓo ta tsaya a kansa.

"Kai ne ka hana baƙina zuwa? Na tanadi mota zan kai su mafaɗar ruwa, sun ce wani mai nutso ya hana."

"Ni ne. Da safe na shiga da su ƙarƙashin teku. Wanda ya yi nutso mai zurfi ba ya hawa dutse sai ya kwana. Iskar da jini ya sha a ƙasa, in aka hau sama da ita, kumfa take yi kamar lemon kwalba. Tana gurgunta mutum."

Ta harare shi. "To likitan kifi, na gode."

Ta juya ta tafi. Shi kuwa ya tsaya baki buɗe, famfo na zuba a ƙafarsa bai sani ba. Sunanta Noemia. A wajen direbanta ya roƙo lambarta.

Ya rubuta mata: "Na kore miki baƙi. Zo in biya ki da teku."

Ta amsa: "Ba na shiga gidan kifi."

Ta shiga. Ya riƙe hannunta suka sauka a hankali, duniya ta koma shuɗiya, babu abin da ake ji sai numfashi. Wani ƙaton kifi ya zo ya tsura mata ido kamar kawun da bai yarda da baƙuwa ba. Da suka fito ta cire gilashin fuska tana dariya tana hawaye.

"Kifina," ta ce, "ashe a mafarki kake aiki."

Ranar da bai taɓa ruwa ba, ita take ɗaukarsa. Su bi bakin levada, hanyar ruwan nan da ke zagaye duwatsun Madeira, gajimare na ratsa itatuwa, har su kai inda ruwa ke faɗowa kamar farin zare. Nan yake kiranta Raɓata, saboda ɗigon da ke maƙalewa a girarta.

Matsalar ita ce ubanta. Baba Firmino mai kula da levada ne, kuma tun da teku ta cinye ƙanensa bai sake sauka bakinta ba.

"Ba na ba mutumin teku 'yata," ya ce. "Ga Nelio ɗan maƙwabta, ya dawo daga Jersey da mota, ƙafarsa a ƙasa."

Matarsa Mama Zita ce ta yi ta lallashinsa har ya ce, "Ya zo ranar Lahadi cin abincin rana, in gan shi. In bai zo ba, kada a sake yi mini zancensa."

Elvio ya ɗauki hutu, ya goge riga. Amma ran Lahadin da safe aka buga masa waya: wata baƙuwa ta maƙale a tsohuwar komar masunta, can ƙasa. Ya nutsa, ya yanke igiyar, ya fito da ita a hannu. Nelio, da ya sauko sayen kifi, ya ɗauki hotonsa rungume da baƙuwar ya tura wa Noemia can sama.

Elvio ya rubuta: "Raɓata, na yi nutso dole. Yau ba zan iya hawowa ba."

Amsa ta zo: "Na ga hoton dolen. An gasa nama, Baba ya sa hular coci. In ba ka zo ba, na gane."

To, a nan hankali ya bar shi. Mutumin da kullum yake hana baƙi, shi ne ya hau babur ya nufi dutse. Tun a hanya kafaɗarsa ta fara ciwo kamar ana murɗa ƙusa. Ya daure. Daga inda titi ya ƙare ya bi levada da ƙafa, ƙarar ruwa na zuwa masa daga nesa kamar ana kiran sunansa, itatuwa na lilo. Yana hango rufin gidansu ƙafafunsa suka mutu.

Baba Firmino ne ya tsince shi.

"Giya ka sha, yaro?"

"A'a, Baba. Na zo ne. Kun ce in zo."

Noemia ta iso da gudu. Tana ganin yadda ya riƙe kafaɗa ta ƙwala ihu, "Baba, nutso ya yi! Ƙasa za a kai shi, yanzu!"

Tsohon bai tambayi komai ba. Ya saɓa shi a baya kamar buhun dankali, ya bi siririyar hanyar nan har titi, ya ce wa Nelio, "Kawo motar taka ta yi amfani yau."

A asibiti aka sa shi a ɗakin ƙarfe mai matsa iska. Noemia ta manna goshi a ƙaramar tagar tana kuka.

"Kai ka koya mini dokar nan, wawa kawai!"

"Kin ce kin gane," ya ce ta na'urar magana. "Ban so ki gane ƙarya ba."

Da yatsun ƙafarsa suka motsa, mijin baƙuwar nan ya riga ya zo godiya, kowa ya ji yadda aka yi. Nelio ya sulale.

Baba Firmino ya zauna a bakin gado yana juya hula.

"Kai wawa ne."

"Haka ne, Baba."

"Ni ma wawa ne da na sa maka rana. Zan ba ka ita, amma da sharaɗi. Duk ranar da ka shiga ruwa, kada in ga ƙafarka a dutse. Ni zan sauko."

Mama Zita ta dafe ƙirji. "Firmino, kai? Bakin teku?"

"Na ce zan sauko."

Da rani aka ɗaura auren a ƙaramar cocin kan dutse, ango ya yi mako guda ko wankan teku bai yi ba. Aka ci tsire da gurasar dankali mai man tafarnuwa. Washegari tsohon ya sauko Caniço da kwalbar ruwan mafaɗa a hannu. Ya cire takalmi, ya daɗe yana kallon tekun, sannan ya taka ciki har idon sawu ya juye kwalbar.

"Ga 'yata nan," ya ce wa ruwan. "Ki riƙa dawo mini da mijinta." Ya juyo ya dafa kawunan ango da amarya. "Allah ya yi muku albarka, sama da ƙasa."