Shuɗin Kicin ɗin Hajiya Zuhra

Wanda tsoro ya sa ya zalunci wani, azzalumi ne ko abin tausayi? Har yau ba a sami amsa a unguwar Madabo ba.

A shekarar da bama-bamai suka tashi a Kano, shingayen sojoji suka cika hanyoyi, aka kira Ashafa mai fenti ya duba kicin ɗin gidan Alhaji Mahmud. Hayaƙi ya mai da bangon baƙi ƙirin. Mabruka, 'yar Alhaji, tana tsaye bayan gwaggonta Dije lokacin da ya kankare bangon da wuƙa. Sai ga shuɗi ya leƙo.

"Wa ya shafa wannan?"

"Ummana, Allah ya jiƙanta, tun tana amarya. Ta ce irin na kakanninmu Larabawa ne."

"Ashe ba sabon launi kike nema ba, Malama. Tsohon kike kewa."

Ta ɗago ta dube shi. Gwaggo Dije ta yi gyaran murya.

Da farko hirar wayarsu ta kantar kicin ce da labule da inda za a rataye ludaya. Mabruka ba ta san ranar da hirar ta koma wani abu ba.

Jibrin, ɗan aminin Alhaji, ya daɗe yana neman aurenta. Shi ya kai wa Alhaji maganar.

"Baba, yaron nan daga Damaturu ya gudo. Kullum yana yawo da gwangwanaye a rufe a bayan babur. Wa ya taɓa ganin cikinsu?"

Ƙanin Alhaji na cikin waɗanda suka rasu a harin. Alhaji ya ce, "Wallahi gwangwaninsa ba zai shiga gidana ba, balle maganar 'yata!"

Mabruka ta rubuta wa Ashafa: "Zancen ya kai wajen mai unguwa. In ya wuce nan, sojoji ne. Ka bar garin, masoyina. Gara in rasa ka kana raye."

Amsa ta zo: "Sanyin idona, na riga na gudu sau ɗaya. In na sake, na gaskata Jibrin. Gobe bayan la'asar ina nan."

Washegari tana laɓe a zaure ta hango shi tafe, rungume da gwangwani. Majalisar ƙofar gida ta watse. Jibrin ne a gaba, har ya bar takalmi ɗaya. Alhaji kaɗai ya rage a kan dakali, carbi ya tsaya cak a hannunsa.

Ashafa ya durƙusa.

"Baba, ba ni da kowa a garin nan da zai shaide ni. Wannan ne shaidata. Ka matsa nesa in buɗe."

Mabruka ta fito ta tsaya kusa da gwangwanin.

"Koma ciki!"

"Abba, in abin da aka faɗa ne, ya fara da ni."

Alhaji ya daɗe yana dubanta. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi wuƙar Ashafa, ya yi bismillah, ya ɓamɓare murfin.

Shuɗi ne, sak na marigayiya matarsa Zuhra, kamar ranar da ya leƙa kicin ya same ta da fenti har a goshi tana dariya. Ya cire hularsa ya rufe fuska.

"Na zalunce ka, yaro."

"Tsoro ne, Baba. Ni ma da shi na zo."

"Su wa za su nema maka auren?"

"Ba kowa."

"To limaminmu zai tsaya maka. Allah ya yi muku albarka."

Gwaggo Dije ta rangaɗa guɗa daga zaure, sannan ta ce, "Yaya, rantsuwar fa?"

"Zan yi kaffara."

Alhaji ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya sunkuya ya ɗauki gwangwanin da kansa, ya shige da shi cikin gida.