Bikin Rachida da Karen Ango

"Janye shi! Faïçal, janye shi na ce!"

Rachida ta ƙanƙame jakarta a ƙirji, ta yi ta ja da baya har ta daki shingen katako. Ina! Karen ya riga ya iso. Wani harshe mai ɗumi da yauƙi ya shafi bayan hannunta, tun daga yatsu har wuyan hannu.



"Innalillahi... ya lashe ni! Wallahi ya lashe ni!"

Faïçal ya janye igiyar yana danne dariya.

"Sheri, masoyiyata, gaishe ki yake yi. Rasti ba ya cizo."

"Da ma cizon ya yi!"

Ta miƙar da hannun nesa da jikinta kamar ba nata ba. Ƙaton kare ne ja, tsoho, leɓɓansa sun zubo, miyau na ɗiga daga gefen bakinsa zuwa ciyawa. Ta durƙusa ta damƙi ƙasa ta shiga dirzar fatarta.

Shekarar 2007 ce, farkon bazara. Rachida 'yar Maraɗi ce, tana zaune wurin yayar mahaifiyarta, Tanti Kaltouma, a can ƙasar Turawa, a wani bene kusa da titin Wendover, tana kuma aiki a wani babban kantin tufafi. Faïçal ɗan Damagaram ne, direban kamiyo, wato babbar motar kaya. Tun farkon soyayyarsu ta san yana da kare a bayan gidansa, amma ta ɗauka na gadi ne, wanda za a kyautar kafin ta tare.

Sai yau da ya kawo ta wata gonar dawaki a Summerfield, wai ta ga inda za a yi walimar bikinsu.

Baturiyar da ke da gonar ta matso da fara'arta, ta hau bayani da Turanci. Wurin nasu, in ji ta, na masu son a yi biki har da dabbobinsu ne. Za a saƙa wa Rasti abin wuya na furanni. Za a ɗaura masa ɗan matashi a gadon baya, a ɗora zobban ango da amarya, ya ratso tsakiyar baƙi ya kawo musu. Har ɗan kek ɗinsa daban za a gasa masa.

Rachida ta ɗago a hankali ta dubi Faïçal.

"Zoben da zan sa a hannuna?"

"Rachi, ki tsaya ki ji..."

"Zoben da zan yi alwala da shi? Kare ne zai kawo min?"

Ba ta jira amsa ba ta wuce mota.

Faïçal ya ja motar suka kama hanya. Sai da suka baro gonakin ya fara magana, muryarsa ƙasa ƙasa.

Ya ce lokacin da ya zo ƙasar nan ba shi da kowa. Mahaifin baturiyar nan, wani dattijo mai suna Gregory, shi ya ɗauke shi sharar bargar dawaki, ya ba shi ɗaki a samanta. Wani hunturu zazzaɓi ya kwantar da shi har ya fita hayyacinsa. Rasti ne ya yi ta haushi a gindin bene, ya ƙi ci ya ƙi tafiya, har dattijon ya hawo ya same shi. Gregory ya koya masa tuƙi. Da zai rasu ya damƙa masa karen.

"Ba ni da uba a ƙasar nan da zai zauna a bikina, sheri. Abin da ya rage min na mutumin nan ke nan."

Tausayinsa ya kama ta. Amma daga kujerar baya numfashin Rasti na bugo mata ƙeya, mai wari kamar danshin tsumma. Ta sauke gilashi ta fitar da hancinta waje.

Tanti Kaltouma kuwa, da ta ji, sai da ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Kare? A bikin 'yar ƙanwata Hadiza? Ni Kaltouma na ga ta kaina!"

"Tanti, ya ce ya tambayi Malam. Wai a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne."

"Malam ya faɗa, amma cikina bai yarda ba! Mata za su sha lalle su ɗauro shadda, a zuba dambu da soyayyen nama, wani ƙazami yana shawagi yana shinshinar mutane? Kafin a watse labari ya kai Maraɗi. Ki gaya masa, ko ni ko karen!"

Wadda Rachida ta kai wa kukanta ita ce Dalila, 'yar ƙanwar baban Faïçal, wadda aka riga aka tsayar a matsayin babbar ƙawar amarya. Ita ke riƙe da makullin bayan gidansa, tana zuwa ba Rasti abinci duk lokacin da ya yi doguwar tafiya. A gabansa har shafa kan karen take yi tana kiransa "ɗan gatana". Rachida ba ta san cewa mahaifiyar Dalila ta daɗe tana yi wa 'yarta sha'awar Faïçal ba.

"Wallahi na gaji, Dalila. Ko abinci na gani sai miyaun nan ya faɗo min. Da ma in wayi gari a ce ya ɓace!"

Dalila ta dafa kafaɗarta.

"Haba ƙawata, kar ki damu. Komai zai daidaita."

Wata ranar Laraba da hantsi, Rachida na ninke riguna a kanti, salularta ta yi ƙara. Faïçal ne, daga Tennessee.

"Masoyi, ka isa lafi..."

"Ina Rasti?"

Ba ta taɓa jin muryarsa haka ba.

"Ban gane ba."

"Dalila ta je ta tarar da ƙofa a buɗe. Ta ce jiya kin karɓi makulli a hannunta. Ta ce da bakinki kin ce da ma ya ɓace. Kin faɗa ko ba ki faɗa ba?"

"Na... na faɗa, amma wallahi ban..."

"Ya isa, Rachida. Da kin ce in zaɓa, da mun zauna mun yi magana. Tsoho ne, ko gani sosai ba ya yi. Ban san haka zuciyarki take ba."

Ya kashe.

Ta ajiye rigar da ke hannunta. Ta kira Dalila, ba a ɗauka ba. Ta sake kira, an kashe wayar.

Ta nemi izini wurin shugabar sashensu ta fita. Ana yayyafi. Ta zagaya unguwar su Faïçal layi layi, tana leƙa bayan motoci da gindin bishiyoyi, tana kiran sunan da ba ta taɓa zaton zai fito daga bakinta ba.

"Rasti! Rasti!"

Shiru.

Sai ta tuna yadda ya riƙa kuka yana karta gilashi ranar da suka doshi gonar. In dai ya samu ƙofa, can tsohon gidansu zai nufa. Ta juya kan motar ta ɗauki hanyar Summerfield a hankali, masu motocin baya na danna mata oda.

Bayan ta wuce wani coci ta hango wani abu ja a cikin kwatar gefen titi.

Shi ne.

Mota ta buge shi. Ƙafarsa ta baya ta karye ta juya, jini ya cakuɗe da taɓo a gashinsa, ya yi kashi a kwance. Warin ya doke ta tun kafin ta ƙarasa. Ta juya gefe ta kwara amai.

Ta ɗaga wa motoci hannu. Ba wanda ya tsaya.

Karen ya ɗago kai da ƙyar, ya dube ta, ya ɗan motsa jela.

"Kar ka kalle ni! Ni ba sonka nake ba, ka ji ko?"

Ta cire mayafinta, wanda Tanti ta kawo mata daga Makka, ta shimfiɗa a taɓo. Ta runtse ido ta tura hannuwanta ƙarƙashin jikinsa. Laushi, ɗumi, santsi... ta sake yunƙurin amai. Nauyinsa ya kusa kai nata. Jansa ta riƙa yi a kan mayafin, tana zamewa tana tashi, tana kuka tana salati. Da ta zo ɗaga shi zuwa kujerar baya dole ta rungume shi. Kansa ya faɗo a wuyanta, miyau da jini suka gangara cikin rigarta.

"Ya Allah! Ya Allah, ka ga abin da so ya ja min!"

A asibitin dabbobi suka karɓe shi da gudu. Wata ma'aikaciya ta nuna mata bayi. Ta wanke hannu da wuya har fatarta ta yi ja, sabulun wurin ya kusa ƙarewa, amma warin na nan a hancinta. Ta kira Tanti ta kawo mata kaya. Ta tura wa Faïçal sunan asibitin kawai, ba ta ƙara ko kalma ba.

Bayan la'asar ya shigo a firgice. Ya bar kamiyon wurin abokin aikinsa, ya ɗauko hayar mota. Dalila na biye da shi tana share hawaye.

"Wayyo ɗan gatana! Yaya Faïçal, ka ga abin da aka ja masa ko?"

Faïçal ya tsaya cak. Rachida na zaune a kan benci cikin zanen Tanti, idanunta sun kumbura. A gabanta ga leda, mayafin nan a ciki ya rine da jini. Likitar ta fito ta ce an ɗaure ƙafar, zai rayu, kuma da matar nan ta makara kaɗan da jini ya ƙare masa.

"Ke... ke kika ɗauko shi? Da hannunki?"

Ba ta dube shi ba.

Tanti Kaltouma, wadda tun zuwanta take tsaye a bakin ƙofa da gefen gyale a hanci don ta ƙi zama a kujerar da karnuka ke hawa, ta tako ciki.

"Dalila, share hawayen nan, ki dube ni."

"Tanti..."

"Ba ke kika zo gidana da safe ba? Ba ke kika ce, 'Tanti, albishirinki, na raba ku da ƙazanta, na buɗe masa ƙofa' ba? Har na sa miki albarka, Allah ya yafe min! Ashe daga nan waya kika ɗauka kika laƙa wa 'yata?"

Dalila ta fara in'ina.

"Ni fa don... don bikin na yi..."

"Rufe min baki! Karen nan ƙazami ne, har gobe ina faɗa. Amma shi bai ci abinci a kwanona ya fita ya yi wa marainiya sharri ba. Tir!"

Faïçal ya miƙa wa Dalila hannu.

"Makullina."

Ta zaro shi daga jaka, ta ajiye a kan benci, ta fice ba ta waiwayo ba.

Ya durƙusa a gaban Rachida, a nan kan tayil ɗin asibitin.

"Rachi... hasken idona... ki yafe min."

"Har ka yarda zan iya aikata haka."

"Na yi kuskure."

"Ko tambayata ba ka gama yi ba ka kashe waya." Hawaye suka zubo mata. "Ka saurare ni da kyau, Faïçal. Ba na son karen nan. Yau na ƙara tsanar warinsa. Ba zai shiga ɗakina ba, ba zai taɓa kwanona ba, kuma ba zan sa zoben da ya hau bayansa ba. Don kai na shiga kwatar nan. Kai kaɗai."

"Na ji, sheri. Ko bikin ma ba sai ya je ba. Na haƙura."

Ta ja majina.

"Zai je," ta ce. "Gidansu ne. Saura kaɗan ya mutu a hanyar zuwa. Amma daga nesa!"

Tanti ta tafa hannu.

"Shi ke nan, an shanye min yarinya!"

Aka ɗaura aure a masallaci ranar Asabar, da yamma aka ɗunguma gonar. An kafa rumfuna a kan ciyawa, an shimfiɗa tabarmin salla a can gefe, ƙamshin gasasshen rago da turaren wuta ya danne na dawaki. Tanti Kaltouma ta zo. Sai dai ita da ƙawayenta sun sa an juya musu kujeru, sun ba barga baya.

A can ƙofar bargar Rasti ke kwance a kan bargo, ƙafa a naɗe, furanni a wuya. Yaran da aka haifa a nan suka yi ta zillewa suna zuwa wurinsa, iyayensu mata na binsu da buta suna faɗa.

Da aka zo hotuna, Faïçal ya dubi amaryarsa. Ya waiwayi ƙofar barga.

Rachida ta yi ajiyar zuciya, ta tattare lafayarta da hannu biyu don kar ta taɓa ƙasa.

"Guda ɗaya. Kai a tsakiya."

Suka tsaya a ƙofar bargar, Rasti a damansa, ita a hagunsa. Mai hoto ya ɗaga kyamara.

"Amarya, ɗan murmushi mana!"

Iska ta kaɗo daga wajen karen. Ta yamutsa fuska.

"Malam, ɗauka kawai. Numfashina na riƙe!"

Faïçal ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. Ya sunkuyo daidai kunnenta.

"Ina sonki, matata."

"Na sani," ta ce ta cikin haƙora. "In ba haka ba me zai tsayar da ni a nan?"