Murfin da Ya Yi Gumi

Wani dare mai gyaran agogo ya ji ƙwaras-ƙwaras daga ɗakin mai aski, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Washegari aka yi ƙuri'a, mai aski ya sake cin teburin bakin ƙofa, wata na uku a jere.

Su shida ke kasa kaya a rumfa ɗaya: su biyun, da tela, da mai shayi, da mai lemo, da Inna mai zare. Duk wata sukan zuba murfin kwalba shida a gwangwani, ɗaya da jan fenti a ciki. Wanda ya zaro shi, nasa ne teburin da masu saye ke fara tsayawa. Inna mai zare kuwa tana can ƙurya, yini guda ba ta sayar da ƙulli biyu.

Mai agogo ya fara bincike da tela, wanda ya shafa fentin. Ya shafa murafun da yatsa, duk santsinsu ɗaya. Ya koma kan mai shayi, mai kaɗa gwangwanin.

"Baba, ido rufe nake kaɗawa. Wataƙila don mai aski ke fara zara ne."

"Na fari da na ƙarshe duk ɗaya cikin shida ne. Amma sau uku a jere? Shida sau shida sau shida, ɗari biyu da sha shida. Watannin shekara sha takwas ke nan. Yana iya faruwa, sai dai ni sa'ar da ake yi wa atisaye da dare ban yarda da ita ba."

Ranar ƙuri'a ta gaba, mai aski ya kawo gwangwanin, don shi ke ajiye shi. Ya miƙa hannu, mai agogo ya riƙe.

"Haba maƙwabci, saurin me? Bari in ƙare labarin agogon kakana."

Ya juye murafun a tebur yana zuba labari. Biyar a bushe, mai jan fentin ya yi raɓa.

"Inna, taɓa wannan."

"Wayyo, sanyi!"

"Daga firji ya fito. Da yatsa yake laluben sanyin."

Mai aski ya sosa ƙeya. Aka bar wa Inna teburin wata uku, ta jera zarenta kala-kala tana murmushi.

Sai tela ya ɗago daga kekensa.

"To ai mai aski ba shi da firji. A na wa ya sa?"

Mai lemo ta ci gaba da goge kwalabenta a gefen firjinta.